Ranar da Verlon Tackett Ya Ɗaga Hannu a Gwanjo

Duk Lahadin da za a yi babban tseren motoci a Pinhook, kafin a shiga coci, rediyon garin na Verlon Tackett ne. Rabin awa ake ba shi. Zai shigo da hularsa mai maiƙo, ya zauna gaban makirfo, ya faɗi yadda gwajin gudu ya kasance jiya da yamma: wa ya taka, wa ya ji tsoron kwana, wa injinsa ke tari. Daga nan sai ya ce ga wanda za a sa wa kuɗi, ga wanda ba za a kalla ba. Sauran kwanakin mako taya yake sayarwa, yana faci a bakin hanyar Knoxville. A shago mutane suna katse masa magana su tambayi farashi. A rediyo kuwa gari guda ne ke yin shiru yana saurarensa, kuma Verlon ba ya ɓoye cewa wannan kujerar ta fi masa shagon daɗi.

Gidan rediyon na Madam Opal ne, tsohuwa siririya da ta gaje shi daga mijinta, ita ce kuma ke zama kusa da shi tana jefa masa tambaya. Ranar da ta ba shi kujerar, doka ɗaya ta kafa masa.

"Bakinka nake so," ta ce. "Hannunka ya zauna a aljihu. Ranar da na ga ka ɗaga shi a gwanjo, ranar ka gama da ni."

Gwanjon dai shi ne wanda ake yi kafin a tashi tsere. Ana jera direbobi a bayan buɗaɗɗiyar tirela gaban 'yan kallo, a yi ta tayinsu ɗaya bayan ɗaya kamar shanu. Wanda ya sayi direban da ya ci, shi ke kwashe kaso mafi tsoka na kuɗin da aka tara, ragowar a ba 'yan kwana-kwana su sayi tiyo, shi ya sa ko fasto ba ya tsoma baki. Wanda ya riƙe kujerar kafin Verlon yakan kushe direba da safe a rediyo, da rana ya zagaya ya saye shi a banza. Da mutane suka gano, sai da ya bar garin. Tun daga nan mai faɗa a rediyo ba ya taya.

Verlon bai taɓa jin dokar ta matsa masa ba, sai wannan Lahadin. 'Yarsa Twyla, mai mota lamba sha huɗu, ita ce ta fi kowa gudu a gwajin jiya, karo na farko a rayuwarta.

"To, Verlon," in ji Madam Opal da aka kunna jar fitilar fara shiri, "yau da ƙyar hular ta shiga kanka. 'Yarka ta fi maza gudu."

"Ta fi kowa gudu," Verlon ya ce. "Ban ce ta fi kowa wayo ba."

"Ji mutum. To, gaya wa waɗanda ba su je ba."

Ya gyara zama. Wannan ne wurin da ya fi so.

"Da farko dai, wanda ya tuƙa tankar ruwa jiya, a tambaye shi ko shinkafa yake shirin shukawa. Ya jiƙa filin nan har waɗanda suka fara fita iyo suka yi ta yi a laka. 'Yan gidan Haskell su biyu sun dawo ba a gane wane ne babba. Daga baya jar ƙasar ta tsane, ta kama taya kamar danƙo, a daidai lokacin Twyla ta fita. Ta shiga kwana ta farko ba ta ɗaga ƙafa ba. Ta yi kyau, ba zan hana ta ba. Amma kowa ya san abin da ke jiran wanda ya fi kowa gudu a Pinhook. Bokiti."

"Bokitin ƙuri'a."

"Shi. Kai ka zo na ɗaya, kai za ka sa hannu ka ciro ƙwallo, lambar da ta fito ita za a juya layin gaba da ita. Twyla ta sa hannu ta ciro takwas. Ke nan na takwas ya dawo gaba, ita ta koma ta takwas. Wa ya zo na takwas jiya, Madam Opal?"

"Orval Sizemore."

"Orval Sizemore. Tsohon da ya fara tsere tun ina rarrafe. Ina tsaye a kwana ta uku, da kunnena na ji ya ɗaga ƙafa daga totur inda ko kakata ba za ta ɗaga ba. Haka yake yi kullum. Ya lallaɓa ya tsaya a tsakiya, ya bar yara su yi ta gudu, su ciro masa ƙuri'a da hannunsu. Orval, na san kana ji, kana shan kofi kana dariya. Allah ya gan ka."

Madam Opal ta yi 'yar dariyarta. "To yau fa?"

"Yau rana ce tun safe, babu gajimare ko ɗaya. Kafin a ɗaga tuta ƙasar nan ta bushe, ta yi baƙi, ta yi santsi kamar kasko. Layi ɗaya zai rage, na ciki. Ba mai wuce wani. Wanda ya tashi a gaba, a gaba zai sauka. Mai kuɗi ya sayi Orval. Wanda aljihunsa bai kai ba ya nemi Lonnie Puckett, zai yi arha don ba shi da farin jini, amma yana tashi na uku kuma ba ya barin ciki. 'Yan gidan Haskell kada ku taɓa su, junansu za su buga kafin a yi nisa. Sannan wani ya shigo da gyaɗa mai ɓawo wurin gyaran motoci jiya, alhali ko yaro ya san masifa take ja. In na gano shi, a nan zan faɗi sunansa da na ubansa."

"Ka tsallake lamba sha huɗu."

Da ya ce ba za ta ci ba ya yi shiru, da shi ke nan. Amma tun daren jiya Verlon yake jin yadda za a ce ya fifita 'yarsa, kuma shi mutum ne da in ya tashi nuna ba ya son kai, sai ya zarce.

"Wanda yake da dala ɗaya da zai sa a kan sha huɗu, ya je ya sayi kofi da ita, aƙalla zai sha wani abu. Ni na haife ta, ni na ɗaura mata tayoyin nan. In ƙasa ta yi santsi ba ta da haƙuri, ta ɗauko uwarta. Za ta gaji da bin layi, ta haura sama ta ce za ta wuce, sai ta ga motoci uku sun shige ta ta ƙasa. Kada wanda ya taya ta."

Madam Opal ta dube shi ta saman tabarau, ta sa tallar mai sayar da taki.

Bayan an tashi coci ya wuce filin. Ya tarar da Twyla a wurin gyara, ta durƙusa tana gwada iskar tayar baya. Rediyo na ajiye a kan akwatin kayan aiki, a kashe.

"'Yar nan, kin ci abinci?"

"Na sha kofi, Baba. An ce shi ya fi."

Ya sosa wuya. "Aiki ne. Abin da na gani na faɗa."

"Na sani. Mama ma ta ji. Ta ce in gaya maka tana da haƙuri, tunda har yau tana gidanka."

"Rage wa tayar dama iska kaɗan," ya ce.

"Kai mai faɗa ne yau, ba mai faci ba." Ba ta ɗago ba. "Shekara nawa ina zuwa ta sha biyu, ta sha biyar, ba ka taɓa rasa abin cewa ba. Jiya sau ɗaya na zo ta ɗaya. Ina cewa ko minti guda za ka bar ni da shi."

"Na ce kin yi kyau."

"Ka ce. Da sauri ka ce, kamar mai biyan tara."

Verlon ya juya ya tafi. A hanya mutane suna ta gaishe shi. Wani ya miƙo masa gasasshen nama a burodi bai karɓi kuɗi ba. Wani ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai namiji ne, Verlon. Mutumin da bai raga wa 'yarsa ba, wa zai raga wa." Maganar ta yi masa daɗi, ba ƙarya. Ya je ya zauna a bencin gaba kusa da Madam Opal, inda yake zama kullum, ya cusa hannuwa biyu a aljihu.

Mai gwanjon wani ƙato ne da ake kira Kanar, ko da yake bai taɓa shiga soja ba. Ranar Talata shanu yake sayarwa, kuma da murya ɗaya yake yin duka biyun. Daga wanda ya zo na ƙarshe a gwaji ake farawa, a ƙare da wanda ya fi kowa gudu. Direban da aka rasa mai tayawa ko a dala ashirin, sai ya matsa can ƙarshen tirela ya tsaya. A ƙarshe a haɗa su duka a sayar kuɗi ɗaya, kamar ragowar tumatir da yamma. Su ake kira kwantai. Yawanci sababbin shiga ne, da waɗanda motarsu ke yoyon mai.

Kafin a kai tsakiya mutum biyar sun yi kwantai, har da ƙaramin Haskell. Da aka zo kan Lonnie Puckett hannuwa suka tashi, Lonnie ya yi ta waige-waige yana mamakin yaushe aka fara sonsa. Tun kafin shi, da aka zo kan Orval, sai da Kanar ya sha ruwa sau biyu. Tsohon yana tsaye ya rataya hannu a baya, yana kallon sama kamar ba da shi ake ba. Da aka buga masa guduma ya leƙo ya kalli Verlon.

"Na gode da talla, mai faci."

"Je ka, tsohon ɓarawo," Verlon ya ce. Aka yi dariya.

Can aka zo kan Twyla. Ta fito gaba da hular kwano a hammata, tana murmushi. Aka yi mata tafi sosai, don ana sonta a Pinhook, a gaban kowa ta girma.

"Ga wadda ta fi kowa gudu," in ji Kanar. "Wa zai buɗe min da ɗari? Ɗari, ɗari, ɗari. Ina maza? To hamsin. Hamsin a kan sha huɗu."

Ba hannu ko ɗaya. Masu tafin nan duk sun sami abin kallo a ƙasa.

"Haba jama'a. Jiya kuna nan, da idonku kuka gani. Talatin."

Daga can sama wani ya ce, "Ubanta ya ce a sayi kofi, Kanar."

Dariya ta tashi, ta bi benci benci. Twyla ma ta yi, don babu yadda za ta yi. Verlon ya san wannan dariyar tata. Haƙora a waje, kunnuwa sun yi ja.

Sai yanzu lissafin ya zo masa. Shi da yake magana da safe, tsammaninsa za ta yi arha ne kawai, wani ya saye ta a hamsin ko sittin, a wuce wurin. Bai kawo cewa za su bi maganarsa har haka ba. Duk shekarun nan yana alfahari cewa in ya faɗa gari na bi, ga shi gari ya bi. Tunda aka kafa filin nan, ba a taɓa jin wanda ya fi kowa gudu ya yi kwantai ba. Za a yi ta ba da labarin har ta tsufa. Masu biyan kuɗi a sa sunansu a bodin motarta, mai gidan mai da mai kantin katako, suna zaune a nan suna kallo.

Ya duba hagu, ya duba dama, yana neman mutum ɗaya mai kunya. Mai kantin katako yana gyara igiyar takalmi.

"Verlon," Madam Opal ta ce ƙasa-ƙasa, ba ta ko juyo ba. "Ina ganin kafaɗarka tana motsi."

"Ke ki taya mana."

"Ni da nake da rediyon? Ka fi kowa sanin ba zai yiwu ba. Zauna lafiya. Abin minti ɗaya ne, ya wuce."

"Ashirin," in ji Kanar, muryarsa ta sauka. "Ashirin dai. Twyla, 'yata, ki yi haƙuri, doka ce."

"Ba komai, Kanar," ta ce.

Ba ta jira ya ɗaga guduma ba. Ta juya da kanta ta nufi ƙarshen tirela, inda ƙaramin Haskell ya riga ya matsa yana ba ta wuri.

Verlon ya zaro hannunsa daga aljihu ya ɗaga shi sama, har da miƙewa tsaye, don kada Kanar ya ce bai gani ba.

Kanar ya tsaya da baki buɗe. "Verlon, tayi ne, ko ƙuda kake kora?"

"Ashirin na ce."

Sai wata murya daga baya ta ce, "Kun gani ko? Ya karya mata farashi da safe don ya ɗauke ta a banza."

"Ashe shi ma haka yake."

"Akwai abin da ya sani. Shi ya ɗaura tayoyin."

"Hamsin," in ji mai kantin katako, wanda takalminsa ya ɗauru nan take.

"Tamanin."

"Ɗari."

Kanar ya farfaɗo, bakinsa ya kama aiki kamar injin niƙa. Verlon ya juya ya fuskanci benci, ya ɗaga murya.

"Ku saurara. Abin da na faɗa da safe gaskiya ne. Ba za ta ci ba. Daga ta takwas za ta tashi, ƙasa ta bushe, ku duba da idonku."

"Ji shi, har yanzu yana so ya kore mu. Ɗari biyu."

"Na rantse muku ba za ta ci ba."

"Uku."

Duk rantsuwar da ya yi sai farashin ya ƙara tashi. Da ya ga haka ya koma ya zauna. Bai sake ɗaga hannu ba, dama ashirin ɗin ce kaɗai a jikinsa. Twyla ta dawo tsakiyar tirela ta tsaya, tana kallon ubanta, ba ta kallon masu tayi. A ƙarshe Harlan Goins mai sayar da abincin dabbobi ya saye ta a kuɗin da ya fi na Orval, yana huci, yana duban Verlon kamar wanda ya ƙwace nama daga bakin kare.

"Ba ka samu ba, malam mai wayo," in ji Harlan.

"Allah ya sanya albarka," Verlon ya ce.

Madam Opal ta bari hayaniyar ta lafa. Ta buɗe jakarta, ta ɗauko alewar na'ana'a, ta ba shi ɗaya.

"Na san ba cuta ka yi ba," ta ce.

"To."

"Amma su ba su sani ba, kuma su ke sa talla. Mako mai zuwa in ka ce a sayi wane, za su ce wa kake ɓoyewa. In ka ce kada a saya, su ruga su saya. Maganarka ta tashi daga aiki, Verlon."

"Na san doka, Madam Opal. Ba sai kin karanta min ba."

Ya zaro tarin mabuɗansa ya shiga kiciniyar cire na ƙofar bayan gidan rediyon. Zoben ya yi tauri, farcensa kuma duk ya cinye a wajen aiki, sai da ta karɓa ta cire da kanta.

"Wa za ki sa?" ya tambaya.

"Ina tunanin Orval. Ya ce bana zai ajiye tuƙi."

"Orval? Mutumin da in ya ce miki ina kwana sai kin leƙa waje kin duba?"

"Aƙalla hannunsa zai zauna a aljihu. Rowa ba za ta bar shi ya fitar ba."

Verlon ya so ya yi dariya, ba ta fito sosai ba. Ya tashi. A hanyar fita babu wanda ya dafa kafaɗarsa. Mutumin da ya ba shi nama ɗazu ya kawar da kai. Wata tsohuwa da suke coci ɗaya ta ce, "Kai ma, Verlon?" Ya ɗaga mata hula ya wuce.

Twyla na jiransa a ƙofar wurin gyara, ta jingina da wayar shinge.

"Ta kore ka?"

"Ni na ba ta mabuɗi."

"A kan dala ashirin."

"Ita ke gare ni."

Ta shiga wasa da igiyar hular kwano. "Baba, tsakaninka da Allah. Kana ganin zan ci?"

"A'a."

"Ko kaɗan?"

"In kin yi haƙuri kin zauna a ciki, ta biyar. In kin haura sama, ta tara."

"Kai dai ba ka da gyara." Ta sa bayan hannu ta goge hanci. "Harlan Goins zai kashe ka."

"Na gaya masa sau uku, a gaban shaidu."

Can ciki wani ya tayar da inji, wani ya biyo, ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin ƙafa. Lasifika na kiran motoci su fito layi. Twyla ta tura ƙofar wayar da ƙafa ta buɗe.

"Tunda ba ka da aikin yi, shigo ka riƙe min jak. Amma ban da sharhi."

"Ba zan ce komai ba."

"Za ka ce."

Mai gadin ƙofa ya tare shi ya ce shiga wurin gyara sai da tikiti, katinsa na ma'aikacin rediyo kuma an ce masa ya daina aiki. Verlon ya dube shi, ya dubi bencin gaba inda Madam Opal ta riga ta ɗora jakarta a wurin zamansa. Ya laluba aljihu, ya biya kamar kowa, ya bi bayan 'yarsa.